Yadda Za a Tanadi Abin Tsarki Idan Tishu Ya Ƙare Kuma Ruwa Ya Yi Wuya

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa ƙasashe kulle mutane a gidajensu, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fara ƙarewa a manyan kantunan Amurka da Ingila da Ostareliya shi ne takardar bayan gida, wadda aka fi sani da tishu. A Hong Kong ma, wata guda kafin haka, wasu mutane ɗauke da wuƙaƙe sun tare mai kai kaya a ƙofar wani kanti, suka yi awon gaba da ɗaruruwan naɗin tishu. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin muka yi dariya, domin gidan da ke da buta ba ya shiga irin wannan tashin hankali. Sai dai mu ma akwai abin da muka jingina da shi, wato ruwa, kuma ruwan yana iya yankewa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye sassa da dama na Maiduguri, amma ruwan da ya cika tituna ya riga ya gauraye da abin da ke cikin masai da magudanai, don haka bai dace a tsarkake jiki da shi ba. Saboda haka tanadin da ya kamaci gidan Bahaushe, ko a Kano yake ko a Maraɗi ko a wata ƙasar Turai, shi ne sanin yadda zai ja ɗan ruwan da yake da shi ya kai makonni, da kuma abin da zai maye gurbinsa idan ya ƙare.

A fara da lissafin ruwa

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su a sansanonin 'yan gudun hijira, suna ware lita 1 zuwa 2 ga kowane mutum a kowace rana domin kama ruwa kaɗai, ban da na sha da girki da wanka. Idan aka ɗauki gida mai mutum 8, aka ba kowa lita 2 har tsawon kwana 30, za a buƙaci lita 480, wato kusan jarka 20 masu cin lita 25, ko duro biyu masu cin lita 200 da ƙarin wasu jarkoki. Gidaje kaɗan ne ke da wurin ajiye wannan, kuma a lokacin da famfo ya ɗauke, rijiyar burtsatse ta tsaya saboda rashin wuta ko mai, 'yan garuwa su ma ƙara kuɗi suke yi idan har sun fito. Abin da za a yi shi ne a rage yawan ruwan da kowace shiga bayi ke ci. Idan aka sauko da shi zuwa rabin lita ga mutum a rana, buƙatar wata guda ta koma lita 120, wadda jarka 5 za su ɗauke.

Ruwan tsarki ba sai ya kai na sha tsabta ba, kuma wannan sauƙi ne babba. Ruwan sama da aka tara daga indararo, da ruwan rijiya mai zartsi wanda ba a iya sha, duk suna yi. A ware masa mazubi nasa, a rufe shi da murfi don kada sauro ya hayayyafa a ciki, a kuma yi masa alama ta yadda yaro ba zai ɗebo ya sha ba, haka nan ba za a riƙa tsoma butar bayi a randar sha ba. Ruwan ɗaurayar wanki kuwa a ajiye shi don kora bayan gida na zamani ko wanke daɓe, domin a mazhabar Malikiyya ruwan da wani abu kamar sabulu ya sauya wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya ɗauke hukuncin najasa, ko da ya gusar da ƙazantar da ido ke gani.

Buta tana zubar da ruwa da yawa, musamman a hannun yara. Abin da ya fi ta tattali shi ne gorar roba ta ruwan sha, mai cin rabin lita ko sama da haka kaɗan. A gasa allura ko siririyar ƙusa a wuta, a huda murfin gorar sau biyu ko uku kusa da juna, sai a cika ta a rufe. Idan aka matsa ta, ruwan yana fita da ƙarfi a siririn zare, ya nufi inda ake so kai tsaye, maimakon ya kwarara ta bayan hannu ya tafi a banza. Kada bakin gorar ya taɓa jiki. Kowa ya samu tasa, a ɗaura mata zare mai launi a wuya domin a bambanta ta da ta wani, kuma kada ta sake komawa gorar sha har abada. Ya kamata a huda murafe da yawa a ajiye, domin murfi ne ke fara ɓacewa ko tsagewa.

Dutse da hoge da totuwa

Tsarki da busasshen abu ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya wuce ta babin istijmari, ko da bai taɓa aiki da shi ba. Malamai sun shimfiɗa sharuɗɗan abin da ake yi da shi: ya kasance busasshe, mai tsarki, mai iya kwashe ƙazanta, wanda ba ya cutarwa, kuma ba abin da ake girmamawa ba. Da wannan aka fitar da jiƙaƙƙen abu, domin yaɗa najasa yake yi, da abu mai santsi kamar gilashi, da mai kaifi, da abinci, da abin da aka yi rubutu a kansa, sannan ƙashi da kashin dabbobi waɗanda hadisi ya hana ƙarara. Duk wanda ya duba waɗannan sharuɗɗa da idon ma'aikacin lafiya zai ga cewa kusan babu abin da zai ƙara a kai.

Dutsen da ya fi dacewa shi ne wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba, marar kaifi, mai ɗan kaushi kaɗan, irin wanda ake samu a bakin rafi. A tara su tun da wuri a cikin tsohon bokiti, a wanke, a shanya, a ajiye a inuwa kusa da bayi, domin dutsen da ya wuni a rana a watan Afrilu yana iya ƙona fata, kuma wanda zai laluɓo dutse a ƙasa da dare yana iya cin karo da kunama. Hoge, wato busasshen curin ƙasa, ya fi dutse tsotse danshi, amma yana marmashewa idan aka danna shi da ƙarfi, don haka a zaɓi na yumɓu mai tauri. Ana shafawa ne daga gaba zuwa baya, a hankali, da hannun hagu, a jefar da na farko a ɗauki na biyu, har sai na ƙarshe ya fito babu komai a jikinsa. Uku ne abin da aka saba, kuma an so a tsaya a kan adadin mara, wato wutiri, kamar biyar ko bakwai, idan aka ƙara.

Amfanin dutse mafi girma a lokacin ƙarancin ruwa shi ne a haɗa shi da ruwan. Malamai sun ce haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai falala, kuma ta fuskar tattali ma haka abin yake, domin idan dutse ya kwashe mafi yawan ƙazantar, ɗan abin da ke cikin gora ya isa ya ƙarasa, hannu ma bai ɓaci sosai ba balle a ɓarnatar da ruwa wajen wanke shi. Akwai kuma wuraren da dutse ba ya wadatarwa, dole sai ruwa: jinin haila, da jinin biƙi, da maniyyi, da maziyyi, da fitsarin mace, da bahayar da ta bazu ta wuce mafitarta sosai, kamar yadda yake faruwa ga mai gudawa. Wannan ya nuna wa maigida yadda zai raba ruwa idan ya yi ƙaranci ƙwarai. Maza masu lafiya su ne za su fara komawa dutse, a bar ruwan ga mata da marasa lafiya da ƙananan yara.

Totuwar masara ita ma tana yi, kuma manoman Amurka sun daɗe suna aiki da ita a bayin gidajensu na karkara kafin tishu ya yaɗu, duk da cewa tun a 1857 Joseph Gayetty ya fara sayar da takardar bayan gida a birnin New York. Bayan an ɓare masara da kaka, a shanya totuwar ta bushe sarai, a goga biyu da juna don kaifin ramukanta ya kwanta, a zuba a buhu a rataye nesa da ƙasa saboda gara da tururuwa. Mai basir ya nisanci totuwa da hoge baki ɗaya, domin suna iya fasa masa jini.

Ganye da takarda

Ganye yana buƙatar sani fiye da sauran. Wanda ake nema shi ne mai faɗi, mai ɗan kauri, wanda ba ya yagewa a hannu, kamar ganyen kargo ko na mangwaro, kuma ɗanye ko wanda ya ɗan yi yaushi ya fi busasshe, domin busasshe farfashewa yake yi. A haɗa biyu ko uku, a duba bayansu saboda ƙwari da ƙaya. Duk tsiron da ke fitar da farin ruwa idan aka tsinke shi, kamar tumfafiya da tinya, a bar shi, duk da cewa faɗin ganyen tumfafiya yana ruɗar mutane, domin ruwansa yana ƙona fata mai laushi, kuma idan ya shiga ido daga hannu yana yin illa. Haka nan a guji bini-da-zugu da ƙarara da duk ganyen da ke da gashi mai ƙaiƙayi, da wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari a gona. Ganyen da ake miya da shi, irin su zogale da kuka da rama, ya shiga hukuncin abinci. Idan ba a san ganye ba, a murza shi a cikin damtse a jira wasu sa'o'i, in wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi an samu amsa tun kafin a kai shi inda ba a so. Waɗanda ke zaune a Arewacin Amurka su kula da wani tsiro mai ganye uku a haɗe da ke yawaita a dazuzzukan can, wanda taɓa shi kaɗai yana haddasa ƙuraje masu ruwa.

Masu ba da shawarar shirin ko-ta-kwana a ƙasashen Yamma sukan ce a tara tsofaffin jaridu da littattafan lambobin waya. Wannan shawara ba ta karɓi Musulmi ba, domin da wuya a buɗe jarida a ƙasarmu ba a ci karo da sunan Allah ko na Annabi ko wata aya ba, kuma malamanmu sun hana tsarki da duk abin da aka yi rubutu a kansa saboda alfarmar haruffa. Takardar da ba ta da rubutu kuwa babu laifi, kamar takarda mai launin ƙasa-ƙasa da ake naɗe kaya da ita. A cukuikuye ta a tafin hannu sau da yawa har ta yi laushi kafin a yi aiki da ita. Takardar buhun siminti a bar ta, saboda ƙurar siminti tana cin fata idan ta haɗu da danshi.

Tsummoki

A ganina, bayan ruwa babu abin da ya kai tsumma amfani ga tanadin dogon lokaci, domin ana wanke shi a sake aiki da shi watanni da dama, kuma kowane gida yana da tsohon zani ko singileti da aka daina sawa. A zaɓi yadin auduga, domin na leda ba ya shan ruwa. A yayyanka shi murabba'i, faɗin kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe, a kai wa tela ya bi bakin da ɗinki don kada ya zare. A ba kowane mutum nasa launin, kamar guda 20 zuwa 30, ta yadda ba sai an yi wanki kullum ba.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a kama ruwa da gora tukuna, sannan a tsane jiki da tsumma, domin a haka tsumman ba ya ɗaukar ƙazanta mai yawa. Wanda aka yi aiki da shi a jefa shi cikin bokiti mai murfi da aka keɓe don haka, kada a bar shi ya wuce kwana biyu ko uku. Wajen wanki, a fara ɗauraye shi, a wanke da sabulu, sannan a jiƙa shi a ruwan bilic, wato sinadarin nan mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi ga tufafi a wuraren jinyar kwalara shi ne kashi 0.05 cikin ɗari na sinadarin kulorin, na tsawon minti 15. Idan bilic ɗin da aka saya an rubuta 3.5% a jikinsa, wannan ya yi daidai da babban cokali ɗaya a cikin kowace lita ɗaya ta ruwa. Bayan haka a ɗauraye, a shanya a igiya cikin rana har ya bushe ƙayau. Inda babu bilic, a tafasa tsummokin a tsohuwar tukunyar da ba za ta sake ganin abinci ba. Kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadarin wanke bayi, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma ruwan wankin a zuba shi a masai ko a rami, nesa da rijiya.

Idan amai da gudawa suka shigo gida, lissafin ya sauya. Tsumman da aka goge mai gudawa da shi ba a mayar da shi bokitin kowa, sai dai a ƙona shi ko a binne. A 2021 an samu mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Cutar tana bin hanya ɗaya ce, daga bahaya zuwa hannu ko ruwa, daga nan zuwa baki. Wannan ne dalilin da ya sa ya dace a ajiye ɗan tishu da safar hannu ta roba musamman don ranar jinya, ko da gidan ba ya amfani da su a sauran ranaku. A saka tishun a cikin leda, a rufe a bokiti mai murfi, a ɗora a kan wani abu, domin gara da ɓera da danshin damina duk abokan gabansa ne.

Inda za a zubar

Bayan gida na zamani ba ya karɓar komai sai bahaya da ruwa da tishu. Dutse ko totuwa ko tsumma guda ɗaya ya isa ya toshe bututu, a lokacin da ba lallai a samu mai gyara ba. Jiƙaƙƙen hankicin goge jarirai ma bai narkewa a ruwa, kuma shi ne da daskararren mai suka haɗu suka zama dunƙulen da ya kai nauyin tan 130 wanda aka gano a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan a 2017. Masai na gargajiya ya fi haƙuri, yana ɗaukar ganye da takarda da hoge, amma duwatsu da totuwa suna cika shi da wuri, suna kuma wahalar da masu kwashewa. Gara a haƙa wani ɗan rami daban a bayan gida, a riƙa jefa su ciki ana bin su da toka ko ƙasa don hana ƙuda. Kowane rami, na masai ne ko na zubar da waɗannan abubuwa, ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, kuma gindinsa ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake. Idan ambaliya ta cika masai, a koma bokiti mai murfi da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a riƙa barbaɗa toka ko garin katako bayan kowace shiga, a ɗaure a ajiye a wuri mai tudu har ruwa ya janye a samu damar binnewa.

Hannu

Duk hanyar da aka bi, wanke hannu da sabulu ne ke tsare lafiyar gidan, kuma kada tattalin ruwa ya kai ga a bar shi. Ƙa'idojin Sphere suna lissafa giram 250 na sabulun wanka da giram 200 na sabulun wanki ga kowane mutum a wata. Sabulun sanda yana daɗewa a ajiye idan wurin a bushe yake, saboda haka shi ya kamata a fi tarawa. In ya ƙare, tokar murhu mai tsabta tana maye gurbinsa: a jiƙa hannu, a cuɗa da toka har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a ɗauraye. Man tsabtace hannu mai barasa ba ya aiki yadda ya kamata a hannun da ƙazanta ke manne da shi. A yanke farce ƙasa-ƙasa, na manya da na yara.

Don kada mai fitowa daga bayi ya kama buta ko murfin duro da hannun da bai wanke ba, a rataye ƙaramar jarka a kan sanda tsakanin gwafa biyu, a huda ta kusa da wuya, a ɗaura igiya daga bakinta zuwa wani guntun itace a ƙasa. Idan aka taka itacen, jarkar ta sunkuya ta zubo da siririn ruwa, in aka ɗaga ƙafa ta koma. A rataye sabulu da zare a gefe, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya zama taɓo.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata a gwada waɗannan abubuwa alhali famfo yana kawo ruwa. A ware kwana biyu ko uku gidan ya yi aiki da gora da tsumma kaɗai, a auna ruwan da aka ci, domin wannan adadin ne na gaskiya da za a gina tanadi a kansa. A nan ne za a gane cewa yaro ɗan shekara biyar ba ya iya matsa gora da hannu ɗaya, ko tsohuwar da gwiwa ke damu tana buƙatar kujera mai rami da mai taimaka mata, ko mai jego tana buƙatar ruwan ɗumi da tsummoki ninki biyu na kowa. A koya wa 'yan mata shafawa daga gaba zuwa baya tun suna ƙanana, saboda akasin haka yana kai ƙwayoyin cuta mafitsara. Bilic kuma ƙarfinsa yana raguwa da daɗewa, musamman a ɗaki mai zafi, don haka a rubuta watan da aka saye shi a jikin robar, a ajiye a inuwa inda hannun yara ba ya kaiwa, a riƙa aiki da tsohon ana sayen sabo duk bayan wata shida, a kuma juye ruwan duro a sake cikawa a daidai wannan lokaci.